Kula da Tsohuwar Range Rover

Ana jawo hankalin duk mai tsohuwar Range Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1970, cewa zafi ne babban abokin gabarta. Injinta mai silinda 8 na alminiyam ne. Idan lagireto ya toshe ko ruwa ya ƙafe, kan injin yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, mai ya gauraye da ruwa. Gyaran kuwa sai mai hali. Saboda haka lalle direba ya duba ruwa da fanbel kowace safiya kafin ya ta da mota, ya kuma tsaya nan take in allurar zafi ta hau. Kada ƙyallin bodi ya ruɗi mai saye, domin ta ƙarƙashi tsatsa ke cin ƙarfenta.