Maganin Zogi Mai Ƙarfi da Abin da Doka Ta Ce



Mai ciwon daji likita kan ɗora shi a kan mofin ko taramol wata da watanni. Maganin yana kwantar da zogi, amma jiki kan saba da shi. In aka zarce ƙima yakan tsai da numfashi, in kuwa aka yanke shi farat ɗaya majiyyaci ya galabaita. Saboda haka doka ta hana ba da shi sai da takardar likita.

To, wanda kuka samu da takardarsa kada a kunyata shi, gama mara lafiya ne. Amma mai tallar ƙwayoyin nan a kasuwa, lalle ku kai rahotonsa ga hukumar NDLEA.