Makin Bayan Digiri da Ƙofar Koyon Likita a Amurka



Mu a nan daga sakandare muke shiga koyon likita, amma a Amurka sai an gama digirin farko. Wanda bai karanta kimiyya ba, ko wanda makinsa ya gaza, yakan ƙara karatun shekara ɗaya ko biyu kafin ya nema. Shin sabon maki yana wanke tsoho?

Mu yi lissafi. Ƙololuwar maki a can 4.0 ce. Wanda ya gama kiredit 120 da 3.0, ya ƙara 30 da 4.0, zai tashi da 3.2 kacal, domin AMCAS, mai karɓar takardun nema, tana haɗa tsoho da sabo, har darasin da aka maimaita. Sai dai tana nuna sabon makin dabam, masu zaɓe su auna shi da jarrabawar MCAT, su ga ko mutum ya farfaɗo. Wanda ya sāke tuntuɓe a nan kuwa, ya ba da shaida a kan kansa.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu riƙe shekarar farko da kyau, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.