Kurakuran Da Ya Kamata Mu Guje Wa Wajen Gina Shafin Ƙungiya A Yanar Gizo

(Jawabin da aka gabatar a wurin taron shekara-shekara na ƙungiya a garin Gumel)





Kwamitin shirya taro ya nemi mu ce wani abu game da shawarar da aka yanke ta buɗe wa ƙungiya shafi a yanar gizo, inda za a riƙa sanya sanarwa, da karɓar kuɗin ƙungiya, da cike takardar neman tallafin karatu. Da farko mun so mu kauce, domin mu 'yan alli ne, a gaban allo muka ƙare aikinmu. Amma da muka zauna da matasanmu masana kwamfuta muka saurare su, sai muka ga ashe yawancin matsalolin da suke faɗa mun san su tun muna kwalejin horon malamai, a shekarun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976. A lokacin koyon koyarwa, idan mai duba malamai ya shigo aji, bencin ƙarshe yake zarcewa ya zauna. In bai iya karanta abin da ka rubuta a allo daga can ba, to ka faɗi, komai kyan rubutunka. Shafin yanar gizo ma allo ne. Masu zama a bencin ƙarshe kuwa su ne mutanenmu na ƙauyukan Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar.

Jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin gwamnatin Alhaji Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, Jigawa ta yi suna wajen rungumar fasahar sadarwa, aka kafa cibiyar koyar da kwamfuta a Kazaure. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001. Daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, daga 2021 kuma sai mai lambar shaidar ɗan ƙasa ke iya yin rajista. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har dillalan shanu na kasuwar Alhamis ta Maigatari tura kuɗi ta waya. Ke nan yau, ko muna so ko ba ma so, ɗan talaka ba ya shiga jami'a sai ta ƙofar yanar gizo.

Bari mu ba ku labarin abin da muka gani da idonmu. Wata yarinya, 'yar wani tsohon ɗalibinmu, ta taso daga ƙauyensu a kan babur ta zo Gumel domin ta cike takardar neman tallafin karatu a shafin wata hukuma. Ta biya kuɗin shago, ta cike shafi huɗu, da aka zo sanya hoto sai na'ura ta ce hoton ya yi nauyi, alhali babu inda aka faɗi nauyin da ake so tun farko. Kafin a rage hoton, duk abin da ta rubuta ya goge. Ta sake daga farko, wuta ta ɗauke. Washegari mahaifinta ba shi da kuɗin babur, jibi kuma aka rufe shafin. Yarinyar nan ta ci jarrabawarta da kyau. Abin da ya kayar da ita shi ne sakacin wanda ya tsara shafin. Tsoronmu shi ne kada mu tara kuɗin 'yan'uwa mu gina irin wannan tarko da sunan taimako.

Kuskure na farko shi ne gina shafi domin burge shugabanni. Mai tsara shafi yana zaune a ofis a Abuja, gabansa babbar kwamfuta, layinsa kuma mai ƙarfi ne. Sai ya cika shafin farko da manyan hotuna masu juyawa, da majigi mai kunna kansa, da kiɗa. Idan ya nuna wa kwamiti, kowa ya yi tafi. Amma mutumin da ke bayan gari, mai ƙaramar waya, wanda sai ya hau tudu yake samun layi, zai zauna yana kallon farin allo har kuɗin datarsa ya ƙare. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya yakan kai nauyin megabayit uku ko huɗu, ana kuwa iya rage shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ba tare da ido ya ga bambanci ba. Saboda haka a fara tsara shafin domin ƙaramar waya, kwamfuta ta biyo baya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na biyu, ɓoye abin da mutum ya zo nema. Mun ga shafukan ƙungiyoyi da dama waɗanda da ka buɗe sai ka ci karo da hoton shugaba da doguwar wasiƙarsa ta maraba, sannan jerin sunayen 'yan kwamiti da muƙamansu. Ranar taro, da lambar asusun ƙungiya, da sharuɗɗan tallafi kuwa suna can ƙarƙashin wani maɓalli mai sunan da ba ya nuna komai. Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ya san inda kara take, ya san layin hatsi, ya san wurin masu riɗi da zoɓo, domin kowane kaya da mazauninsa. Haka ya kamata shafi ya kasance. A zauna a lissafa abubuwa huɗu ko biyar da suka fi kawo mutane, a jera su a sarari a shafin farko, kowane da sunan da yaron aji shida zai gane. Tarihin masarauta, tun daga zamanin Ɗan Juma da zaman Tumbi, yana da muhimmanci, kuma muna so a rubuta shi da kyau, amma a ba shi ɗakinsa.

Na uku, harshe. Idan aka rubuta komai da Turancin ofis, an kori iyaye mata da manoma da 'yan kasuwa, an bar su a hannun masu shagon kwamfuta. Muna ba da shawara Hausa ta zama kan gaba, Turanci ya biyo. Kuma a rubuta Hausar bisa ƙa'ida, da haruffanta masu lanƙwasa. Tun a shekarun 1930 aka zaunar da waɗannan haruffa a Zariya, kuma kowa ya san yadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta shiga zukatan jama'a saboda ta yi musu magana da harshen da suke ji. Tsakanin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", ko "bari" da "ɓari", lanƙwasa ɗaya ce. A da ana kafa hujja da cewa keken rubutu ba shi da su. Yau suna cikin tsarin haruffa na duniya da ake kira Unicode, illa dai a zaɓi salon rubutun da yake nuna su, domin wani salon yakan mayar da su ɗan akwati. A gwada wannan tun kafin a biya mai aiki. Kada kuma a dogara da fassarar na'ura ba tare da malamin Hausa ya duba ba.

Na huɗu, takardar cikewa da ba ta san mutanenta ba. Yawancin irin waɗannan takardu kwafo su ake yi daga na Turawa. Za a ce sai ka sa lambar gida da sunan titi, alhali mutum a unguwar da babu titi yake, adireshinsa shi ne gidan mai unguwa ko kusa da masallacin Juma'a. Wani shafin kuma ba ya karɓar sunan da ke da alamar hamza, sai Sa'adatu da Mu'azu da Asma'u su rasa yadda za su rubuta sunansu. Ga matsalar sunan mahaifi da na kaka da na gari, wadda ta sa yara da yawa suke da suna iri uku a takardu uku. Maganin wannan a fili yake. A taƙaita tambayoyi zuwa abin da ake bukata kawai. A faɗi duk abin da mutum zai tanada tun a shafin farko, har da girman hoto. In ya yi kuskure, a nuna masa layin da kuskuren yake, a gaya masa yadda zai gyara, kada a share masa sauran. A ƙarshe kuma a ba shi lambar shaida ta saƙon waya, domin ya san takardarsa ta isa.

Na biyar, rubutun da ba ya karantuwa. Ƙananan haruffa, ko rubutu ruwan toka a kan fari, ko ja a kan kore, duk azabtar da ido ne, musamman ga irinmu masu tabarau da wanda yake duba waya a tsakar rana. Wasu kuma sai su ɗauki hoton takardar sanarwa su manna, ba za a iya nemo kalma a cikinta ba, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu ma ba za ta iya karanta ta ba. Tun 1999 hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo ta duniya ta fitar da jagora kan sauƙaƙa wa naƙasassu, a nan gida kuma an sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci a watan Janairun 2019. Su ma 'ya'yan masarautar nan ne.

Na shida, a gina a watsar. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe shafukan ƙungiyoyi irin tamu. Ana bikin buɗewa, a yanka ƙyalle, shekara uku bayan nan ka shiga ka tarar da sanarwar taron da aka yi tuntuni, da lambar wayar sakataren da ya sauka. Tsohon labari ya fi rashin labari illa, domin yana sa mutum ya yi tafiyar banza. Sunan shafi haya ce, duk shekara ake sabunta shi, in aka manta wani na iya saye. Don haka a yi rajistarsa da sunan ƙungiya, kada ya zama da sunan yaron da ya gina shi. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu ko uku amintattu, a ware kuɗin kula da shi cikin kasafin kowace shekara, kuma kowace sanarwa ta fito da kwanan wata.

Na bakwai, tona asirin jama'a. Kada zumuɗin nuna aikin alheri ya sa mu baza sunayen marayu da zawarawan da aka taimaka, tare da hotunansu da lambobin wayarsu. Wannan zubar da mutunci ne, kuma buɗe ƙofa ne ga 'yan damfara. Ban da haka, tun watan Yunin 2023 ƙasar nan take da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara su. Lambar asusun ƙungiya kuma ta zama guda ɗaya, a wuri ɗaya, da gargaɗin cewa ba a biyan kuɗi ta asusun kowa.

To yaya za mu gane mun kuɓuta daga waɗannan kurakurai? Wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Jakob Nielsen, wanda tun 1996 ya jera manyan kurakurai goma na tsara shafi, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kacal yakan fito da mafi yawan matsalolin. Mu malaman makaranta ba mu yi mamaki ba, domin darasi ba ya tabbata sai an yi wa ɗalibai tambaya. Shawararmu ita ce, kafin a biya mai aiki cikon kuɗinsa, a ɗauki shafin a kai shi ƙananan hukumomin nan huɗu. A samu ɗalibi, da uwa, da dattijo, da ɗan kasuwa, da mai larurar gani. A ce wa kowane ya nemo ranar taro ko ya cike takardar tallafi da wayarsa, sannan a yi shiru a zuba ido. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, a rubuta, nan ne gyara yake. Kada a ce masa bai iya ba.

Muna kira ga 'ya'yanmu da ke birane, da waɗanda suka yi karatun kwamfuta a Kazaure, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Ilimi ta nan Gumel, su shigo cikin wannan aiki, su duba shi da idon wanda ya san gida. Kuma ko bayan an buɗe shafin, kada a daina manna sanarwa a makarantu da ƙofar fadar hakimai, kada a daina karɓar takarda ta hannu, har sai mun tabbata babu wanda aka bari a baya. Tun ran gini ake zane.

 Inda muka yi kuskure a gafarce mu, masana su gyara mana. Allah ya ja zamanin Sarki, ya albarkaci ƙasar Lautai da zuriyarta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.