Idan Hakimi Ya Kau, Wa Ke Da Ikon Naɗa Wani?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a Dogon Daji, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal. Yana tambaya ne, idan hakimi ya rasu ko aka tuɓe shi, wa ke da ikon naɗa wani, Sarkin Musulmi ko Gwamna? Kuma talaka yana da ta cewa?

To malam, mun gode. Tambayarka ta zo kan gaɓa, don kuwa abin ya faru a ƙasarku. A cikin watan Afrilu na 2024 Gwamnatin Jihar Sakkwato, a ƙarƙashin Gwamna Ahmed Aliyu, ta ba da sanarwar tuɓe hakimai 15 a rana guda. Tara daga cikinsu, har da na Dogon Daji da Kebbe da Yabo da Illela da Wamakko, gwamnati ta ce ana zarginsu da abubuwa irin su rashin biyayya, da cinikin filaye ba bisa ƙa'ida ba, da taimaka wa rashin tsaro. Zargi ne fa na gwamnati, ba hukuncin kotu ba. Sauran shidan, har da na Tambuwal, aka ce an naɗa su ne cikin gaggawa a gwamnatin da ta gabata, kuma mutanensu ba su karɓe su ba. Ka riƙe wannan dalili na ƙarshe, za mu komo kansa.

Yanzu ga yadda ake cike gurbi. Bisa al'ada, idan kujera ta zama babu kowa, akan sa wani ya riƙe ƙasa kafin a yi naɗi, don kada al'amura su tsaya. Daga nan 'ya'yan gidan sarauta masu sha'awa su nuna bukatarsu, dattawan gari su duba, a kai sunaye Majalisar Sarkin Musulmi. A da, dokar ƙananan hukumomi ta jihar ta ba Sarkin Musulmi ikon naɗa hakimai da dagatai. Amma a watan Yuli na 2024 Gwamna ya sa hannu a kan gyaran wannan doka. Abin da gyaran ya ce shi ne, Sarkin Musulmi ya ba da shawarar wanda ya cancanta, Gwamna ya yi naɗi. Hujjar gwamnati ita ce tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya damƙa ikon zartarwa na jiha a hannun Gwamna. An yi ta ka-ce-na-ce a lokacin, wasu na ganin an rage darajar fadar Mai Alfarma Muhammadu Sa'ad Abubakar, gwamnati kuwa ta ce abin da aka saba yi ne aka rubuta a doka. Ko ma dai yaya ne, amsar tambayarka ta farko ke nan: fada ta ba da suna, Gwamna ya sa hannu.

Don ka ga bambanci, a Amurka akwai wani jami'i da ake kira sharif, mai kula da tsaron gunduma da gidan yarinta. Yawanci da ƙuri'a ake zaɓensa. Idan ya mutu ko ya yi murabus, a wasu jihohin majalisar gundumar ce ke naɗa na riƙo, a wasu kuma Gwamna, har zaɓe ya zo. Mu nan ba a jefa wa hakimi ƙuri'a, kuma ba shi da 'yan sanda nasa. 'Yan dokan En'e an haɗe su da 'yan sandan tarayya tun zamanin Janar Yakubu Gowon, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe sauran ikon En'e. Shi ya sa idan an ɗauke D.P.O., daga hukumar 'yan sanda ake turo wani, ba daga fada ba.

To, kada wani ya ce ai hakimi ya zama rawani kawai. Ina! Rikicin iyakar gona gabansa ake fara kaiwa. Idan shanu sun yi ɓarna, ko an cinye burtali da noma, shi da dagatai da ardo ke zama a sasanta. Baƙo ya sauka gari, ta hannun mai unguwa labari ke isa gare shi. Idan ya yi gaskiya gari ya zauna lafiya, idan ya saki hanya, gonarka ce a bakin wuƙa.

Sai batun ko talaka na da ta cewa. Ƙwarai kuwa. Ka tuna dalilin da aka bayar na tuɓe waɗancan shida, wato mutanensu ba su karɓe su ba. Ashe ke nan yardar jama'a na da nauyi, ko da babu akwatin zaɓe. Shawararmu ita ce, a yi magana tun kafin a naɗa rawani, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Limamai da dattawa da sarkin noma da shugabannin 'yan kasuwa su zauna su daidaita, su rubuta takarda cikin ladabi, su sa hannu, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma da fadar Sarkin Musulmi, a ajiye kwafi. Ku tambayi kanku: mutumin nan a cikinmu yake zaune? An taɓa jin sunansa a rikicin fili? Zai iya raba gardama tsakanin manomi da makiyayi ba tare da duba aljihu ba? Kada ku bari jam'iyya ta zaɓa muku, don gwamnati wa'adi gare ta, gona kuwa ta gado ce. Wanda kuma yake ganin an zalunce shi, ƙofar Babbar Kotun Jiha a buɗe take. Ban da ɗaukar doka a hannu.

Da fatan mun gamsar da kai, malam. Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.