Famfas ko Nafkin? Mu Yi Lissafi



Satin jiya na tashi daga Bodinga zuwa suna a Shagari. Yayata ta jawo ni gefe, ta ce kuɗin famfas sun fara cin na cefane. Sabon jariri kan ɓata takwas zuwa goma a rana, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023, komai ya tashi.

Na ce mata, Yaya, ki gwada nafkin, ƙunzugun da su Inna suka raine mu da shi. Sau ɗaya za ki saya, ki wanke, ki sake ɗaurawa, har ƙanensa ya gada. Famfas kuwa akwai leda cikinsa, ba ya ruɓewa da wuri, shi ke toshe mana magudanai da damina.

Amma fa akwai aiki. A canza da zarar ya jiƙe, don gudun ƙuraje a zafin nan na Sakkwato. Kashin a zuba masai, a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana. Inda ake sayen ruwa, a sa kuɗinsa cikin lissafi.

Ku kuma angwaye, ɗebo ruwan nan naku ne.

Sai mako mai zuwa.