Gajere Bisa Ingarma



Ranar hawan Sallah a Potiskum, a ƙofar fadar Sarkin Fika, za ku ga gajeren mahayi bisa ƙaton ingarma. Wasu dariya suke yi. Ni likkafarsa nake kallo.

Malam mahayi, rage igiyar likkafa har ƙafarka ta zauna daram. Wajen hawa, taka turmi ko dakali, zagi ya riƙe maka ragama. Ba abin kunya ba ne. In doki ya zabura, kada ka rataya da linzami, bakinsa za ka tsaga.

Ku kuma iyaye, kada a ɗora yaro kan dokin da bai saba da ƙarar bindiga ba. Don Allah, kada a ɗora shi.

A huta lafiya.