Numfashin Gona da Aljihun Manomi



In aka ta da maganar ɗumamar duniya, hankalinmu yakan tafi ga hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da Sin. Wannan kuwa daidai ne, domin abin da nahiyar Afirka duka take fitarwa na iskar kabon bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. To, amma gona ma tana da nata numfashin wanda ido ba ya gani. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa noma da kiwo da saran daji sun ɗauki wajen kashi 22 cikin 100 na iskokin da ke ɗumama duniya. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, galibin iskar da ke tashi daga gonakinmu dukiyar manomi ce take bin iska.

Mu fara da takin zamani. A buhun yuriya, kashi 46 cikin 100 sinadarin naitirojin ne, wato abincin shuka. Idan aka watsa shi bisa ƙasa aka tafi, kamar yadda da yawa suke yi, abin da shuka za ta ci sau da yawa ba ya kai rabi. Wani ruwa ya kwashe, wani ya tashi sama, wani ɗan kaɗan kuma ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su mayar da shi iskar naitiros-oksaid, wadda ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na iskar kabon sau 270 ko sama da haka. Maganin abin a hannunmu yake: a tona ɗan rami kusa da gindin shuka, a zuba taki gwargwado, a rufe, a kuma raba zubin kashi biyu. Noman wake da gyaɗa da waken soya tsakanin hatsi, wanda kakanninmu suka san amfaninsa, shi ma yana rage buƙatar buhu.

Sai shinkafa. Wanda ya bi ta Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da gonaki, ya ga fangali cike da ruwa mako da makonni. A ƙarƙashin ruwan nan da ya toshe wa ƙasa iska, ciyawa da bambaro suna ruɓewa suna ba da iskar metan, wadda ta fi iskar kabon ƙarfi kusan sau 28 a tsawon shekara 100. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta yaɗa wata dabara mai sauƙi. Za a kafa guntun bututu mai huji-huji a cikin fangali, a bar ruwa ya janye, ba za a sake ban-ruwa ba sai an ga ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, in ban da lokacin da shinkafa take fure. Wannan yakan rage ruwan da ake sha har kashi 30 cikin 100, ya rage metan sosai, amfanin gona kuwa bai ragu ba. Manomin da ke sayen fetur domin injin ban-ruwa ya san ma'anar wannan lissafi.

Na uku, wuta da gatari. Duk bazara muna cinna wa sharar gona wuta, alhali karan nan da bambaro abincin dabba ne, kuma taki ne in an bar su sun ruɓe. 'Yan'uwanmu na jihar Maraɗi sun ba mu darasi. Tun daga wajen 1983 suka fara barin tohon kututture yana girma a gona maimakon sassabe shi, har aikin ya game kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar. Gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina, yana ba gero taki, ba ya hana shi rana, kabon kuma yana zaune a jikinsa.

Jama'a, Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo na 2021 cewa kafin 2060 za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take shanyewa, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a shekarar. Amma doka tana Abuja, gona tana ƙauye, mu ne kuwa gadar da ke tsakani. Gobe waninmu ne malamin gona, waninmu ne mai sa hannu a takardar rabon taki, waninmu ne mai buɗe ƙofar ruwa a madatsa. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, mu kuma mun ga ambaliyar 2022. Idan mun koma gida hutu, kada mu je wa tsoho da dogon Turanci. Mu ce masa, "Baba, a ba mu kunya biyar mu gwada binne taki bana," sa'an nan mu bar kaka ta yi shaida, domin gani ya kori ji.